Zaman ƙarƙashin dogonyaro: kundin aikinmu da 'yan aji ɗaya

Asabar, 28 ga Disamba 2024

Na buɗe wannan kundi ne don kada aikin ya tafi a baki kawai. Ina aji uku a sashen kimiyyar sinadarai a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar Kebbi, kuma tun hutun da ya gabata nake son mu kafa ƙananan zaman karatu ga sababbin ɗalibai, waɗanda ɗalibai 'yan uwansu za su riƙe, ba tare da karɓar ko sisi ba.

Abin da ya sa ni a wannan hanya shi ne abin da ya same ni. Na zo daga Bunza da maki mai kyau a JAMB, a gida kowa na cewa yaron nan akwai ƙwaƙwalwa. Na yi sati shida a makaranta ban buɗe baki na tambayi kowa komai ba. Ina zama can baya a ɗakin lakca, ina kwafar abin da ke littafin na kusa da ni, in koma ɗaki in haddace. Ranar da aka yi tes na farko na lissafi ina gida, domin a zatona irin gwajin sakandare ne da ba ya shiga sakamako. Maki 30 suka tafi a nan. Ƙarshen zango na kwaso kariyoba, kuma har yau wannan F tana zaune cikin lissafina. Da na waiwaya sai na ga ba wuyar lissafi ce ta kayar da ni ba. Kunya ce, da rashin wanda zai ce mini ga hanya.

Jiya na sami malamin da ke kula da 'yan aji ɗaya a ofis. Na ce, ranka ya daɗe, ga abin da muke so mu yi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kafa sharuɗɗa uku: kada a karɓi kuɗi, kada zaman ya ci karo da lokacin lakca, kada kuma waninmu ya ɗauki kansa lakcara. Mu huɗu ne za mu fara. Ni, da wani ɗan Yawuri da ke sashen lissafi, da wani ɗan Jega a kimiyyar lissafi da ƙarfi, wato fiziks, sai wata 'yar Gwandu a sashen nazarin halittu wadda za ta riƙe ɓangaren mata.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Zaman farko. Mutum 14 suka zo, muka shimfiɗa tabarmi biyu a gindin dogonyaron da ke bayan ɗakin gwaje-gwaje. Akwai 'yan Argungu, Kamba, Koko, Zuru, har da wani daga Gumi a Zamfara. Ba mu buɗe littafi ba yau, da gangan.

Na tambaya, wa ya san yadda ake lissafin CGPA, wato matsakaicin sakamakon ɗalibi a duk kwasa-kwasan da ya yi? Babu. Duk sun ji sunan, an gaya musu ranar taron wayar da kai, amma a taron da mutum ɗaruruwa ke zaune wa zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba? Sai muka bi shi sannu a hankali. Daga maki 70 zuwa sama A ce, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Ƙasa da 40 kuwa F, ba ka da komai. Kowace daraja ana ninka ta da yunit ɗin kos ɗin, wato nauyin da aka ba kos ɗin, a tara, a raba da jimlar yunit.

Na ba su misali ɗaya. Ɗalibi ya ci A a kos mai yunit 2, ya sami F a kos mai yunit 3. Yana da 10, a raba da 5, ya tashi da 2.00. Wani kuma ya ci C a duka biyun, 6 da 9, wato 15, a raba da 5, ya tashi da 3.00. Wurin ya yi tsit. Can wata yarinya daga Zuru ta ce, "Yaya, ke nan gara C biyu da A guda da F guda?" Na ce ƙwarai. Wannan ita ce tambayar farko da wani ya yi a zamanmu, kuma na ji daɗinta har cikin raina.

Ɗan Yawuri ya ƙara da nasa lissafin, wanda ni kaina da an yi mini shi shekara biyu da suka wuce da na tsira. Wanda ya gama aji ɗaya da 2.00 a kan yunit 40, in yana son ya kai 3.50, inda digiri mai daraja ta biyu babba ke farawa, to sai ya ci A a kowane kos na yunit 40 masu zuwa, ba kuskure ko ɗaya. Daraja ta ɗaya kuwa sai 4.50. Mun kuma gaya musu ƙa'idar halartar lakca kashi 75 cikin ɗari kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Na ga wasu suna ƙirga da yatsu ranakun da suka riga suka rasa.

Laraba, 15 ga Janairu

Hunturu ya matsa, hazo har ba a hango ƙofar makaranta. Zaman ƙarfe bakwai na safe ba zai yiwu ba, mun mayar da shi ƙarfe goma. Mu huɗu mun haɗa kuɗi, kafinta ya yanko mana falange ya shafa masa baƙin fenti, mun sayi kwalin alli. Mai gadin ɗakin gwaje-gwaje, wani dattijo, ya yarda mu riƙa ajiye allon a wurinsa. Allah ya saka wa Baba da alheri.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau na yi kuskure babba, kuma gara in rubuta shi yadda ya faru.

Labari ya bazu cewa ana tutoriyal kyauta, sai ga mutum sun haura 40. Tabarmi ba ta isa ba, wasu a tsaye, wasu a kan babura. Na ɗauki alli na shiga CHM 101, kos ɗin sinadarai na aji ɗaya, tsarin ƙwayar zarra da jeren lantarkinta, na yi awa biyu ina magana. Kowa na gyaɗa kai, kowa na rubutu. Da na gama na rubuta tambaya ɗaya mai sauƙi na ce wani ya fito. Ba wanda ya motsa. Na nuna wani, ya tsaya da alli a hannu har gumi ya keto masa cikin wannan sanyi.

Ashe malam yana tsaye daga nesa yana kallo. Bayan an watse ya kira ni. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari, amma lakca ka maimaita musu. Lakca kuwa sun riga sun sha ta ranar Talata. Abin da ba su samu ba shi ne wurin da za su yi kuskure da bakinsu a gyara musu." Daga nan ya ba ni labarin da na je na ƙara karantawa da daddare. A 1973 wata malama mai suna Deanna Martin ta ƙirƙiro irin wannan tsari a Jami'ar Misuri da ke birnin Kansas a Amurka. Dabararta ita ce ba a ware ɗalibai a ce waɗannan ne marasa ƙoƙari, sai dai a ware kwasa-kwasan da aka san suna kayar da mutane, a buɗe zaman ga kowa. Jagoran zaman ɗalibi ne da ya riga ya ci kos ɗin, kuma aikinsa ba koyarwa ba ne, sa 'yan uwansa su yi aikin da kansu ne. Tsarin ya bazu har Ingila da Ostireliya da Afirka ta Kudu.

Malam ya kuma ambaci Uri Treisman, wanda a tsakiyar shekarun 1970 ya bi ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya yana son ya gano abin da ke sa wasu masu ƙwazo faɗuwa a lissafi. Ya tarar ɗaliban da suka fito daga gidajen 'yan Sin suna karatu su kaɗai, sannan su haɗu su baje aikinsu a gaban juna, su yi gardama, su gyara wa juna. Baƙaƙen fata kuwa, waɗanda su ma ba ragwaye ba ne, kowa yana rufe ƙofa ya yi fama shi kaɗai. Da na karanta wannan sai na ga kaina a aji ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba sai mun je Amurka ba. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san gardi ne ke biya wa ƙolo karatu, ba kullum alaramma ba. Kuma gardi ba ya karanta allon daga sama har ƙasa ƙolo na kallo. Yana faɗa, yaro ya maimaita da ƙarfi, in ya karkace a tare shi nan take. Mun taso a cikin wannan, muka zo jami'a muka ajiye shi a bakin ƙofa.

Mun zauna mu huɗu mun yanke: kowane zama kada ya wuce mutum takwas, jagora kada ya riƙe alli fiye da minti goma, kuma duk tambayar da aka yi masa ya fara mayar da ita ga 'yan zaman.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sabon tsarin ya kori mutane. Wasu sun ce ai nan ba a koyarwa, sun koma wurin masu tutoriyal na kuɗi. Ban ga laifinsu ba, zama ka saurara ya fi sauƙi a kan a ce fito ka yi. Saura mutum 22, mun raba su gida uku.

Amma yau na ga amfanin abin da idona. Muna kan mol, ma'aunin yawan sinadari, wanda shi ne ramin da yawancin 'yan aji ɗaya ke faɗawa. Na tambaya, wa zai gaya mana mene ne mol ba tare da ya karanto ma'anar da ke handawut ba? Wani ɗan Argungu, wanda gidansu manoman shinkafa ne a fadama, ya ce shi a ganinsa kamar tiya ce. A kasuwa ba mai ƙirga ƙwayar shinkafa, awo ake yi. Duk muka ce madalla, har da ni. Sai yarinyar nan ta Zuru ta ce ita ba ta yarda ba. Ta ce tiya cikar kwano take aunawa, ƙwayar da ke cikin tiyar gero ta fi ta tiyar wake yawa nesa ba kusa ba, alhali mol adadi ɗaya ne ko na mene ne. Ta ce mahaifiyarta ƙwai take sayarwa, kuma kiret ya fi dacewa: kiret ɗin ƙwan kaza 30 ne, na ƙwan zabi ma 30 ne, amma in ka ɗora su a sikeli nauyinsu ba ɗaya ba.

Gaskiyarta ce, kuma ni na bar misalin tiya ya wuce. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne, ko na ruwa ko na gishiri, sai dai mol ɗin ruwa giram 18 ne, na sinadarin NaOH kuma giram 40. Daga nan suka ɗauki tambayar da na rubuta, giram 4 na NaOH a cikin ruwa mililita 250, suka yi ta ja-in-ja har suka fito da mol 0.4 a kowace lita da kansu. Wani ya manta bai mayar da mililita zuwa lita ba, na kusa da shi ya kama shi. Ban taɓa alli ba sai sau ɗaya.

Maganar harshe ta taso. Da Hausa ake saurin ganewa, amma jarrabawa da Turanci ake rubuta ta, kuma a zaman ɗan Jega akwai ɗalibai biyu daga kudu da ba sa jin Hausa sosai. Ga ɗan Kamba wanda Zabarmanci ya fi zama a bakinsa. Abin da muka tsayar shi ne a yi gardamar da duk harshen da ya sauƙaƙa, amma kafin a tashi daga kowace tambaya sai wani ya faɗi amsar cikakkiya da Turanci, yadda zai rubuta ta a takarda. Da farko suna jin nauyin yin Turanci a gaban juna don gudun dariya. Na hana dariya, kuma a kan wannan ba na sassauci.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

'Yar Gwandu ta kawo mini rahoton zaman mata. Su tara ne, suna haɗuwa a harabar ɗakin kwanan mata bayan la'asar. Ta ce waɗanda ba su taɓa cewa uffan a gindin dogonyaro ba, a can su ne ba sa barin kowa ya yi magana. Akwai matar aure mai goyo da ke zuwa daga cikin gari a Keke Napep, sauran suna karɓar jaririn bi da bi don ta samu ta yi rubutu.

Ta ce ita ba ta ɗauki wannan aiki baƙon abu ba, domin kakarta ta sha ba ta labarin 'Yan Taru. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da mata da ake kira jaji, ana naɗa su da malfa, su koma garuruwansu su karantar da 'yan uwansu mata, su kuma jagorance su zuwa wurinta. Ilimi yana tafiya daga mace zuwa mace ba tare da an jira kowa ya zo gaban babbar malama ba. Na ce mata to ke ce jajinmu. Ta ce a'a, sai ranar da ta fitar da wadda za ta gaje ta.

Wani sauƙi da muka samu: tun da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon manhajin bai ɗaya a Disamba 2022, wanda ya tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da ake koyarwa, kwasa-kwasai irin su GST 111 na Turanci da MTH 101 na lissafi da CHM 101 sun zama kusan abu guda a ko'ina. Saboda haka abokanmu da ke karatu a Sakkwato da Gusau suka turo mana tambayoyin da aka yi musu bara, muna gwada kanmu da su.

Litinin, 17 ga Fabrairu

An yi tes na farko a makon jiya. Ba wanda ya rasa shi a cikin 'yan zamanmu sai mutum ɗaya, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Yaro ne daga yankin Danko-Wasagu, siriri, mai yawan shiru, kullum yana zama a gefen tabarma. Zama uku ke nan ban gan shi ba. Na yi sakaci, na ɗauka yana cikin waɗanda suka koma tutoriyal. Ɗan Argungu ne ya ce mini, "Yaya, wane fa ba lafiya ba, ko lakca ba ya zuwa." Muka bi sawu har wani ɗaki da yake raɓe a wajen makaranta. Muka same shi kwance, ba zazzaɓi ba, yunwa da damuwa. Rashin tsaro ya taso da iyayensa daga ƙauye, bara ba su yi noma ba, abin da aka haɗa masa ya ƙare a rijista. Yana fita aikin lebura wurin masu gini don ya sami na garin kwaki, ranar tes ma yana can. Ya ce ya yanke shawarar komawa gida.

Na tambaye shi me ya hana ya faɗa. Ya ce, "Yaya, ina zan fara?" Na san wannan amsa, na taɓa ba kaina ita.

Abin da muka iya yi ga shi. 'Yan zamansa sun sa shi cikin tukunyarsu, dama su huɗu suke haɗa shinkafa da wake, yanzu sun zama biyar. Na raka shi wurin malam ya yi bayani da bakinsa, malam ya ce zai yi magana da mai kos ɗin. Sannan muka zauna muka cike masa neman bashin karatu na NELFUND, asusun gwamnatin tarayya. An sa hannu a dokar a Afrilu 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Asusun yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata don ɗawainiya, biyan bashin kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa. Shi abin da ya hana shi nema tun farko tsoron riba ne, wani ya ce masa akwai kuɗin ruwa. Babu kuɗin ruwa a ciki. Ana buƙatar lambar JAMB da NIN da BVN, kuma duk yana da su. Da na tambayi sauran, sai ga mutum biyar da su ma ba su nema ba saboda irin wannan jita-jita.

Daga yau kowane jagora zai riƙe sunayen 'yan zamansa. Wanda aka rasa sau biyu a jere, a je a duba shi. Ba a waya ba, a je da ƙafa.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wani ya tura hoton takarda a zaurenmu na WhatsApp wai tambayoyin tes ɗin PHY 101, kos ɗin fiziks, ne suka fita. Na goge, na kira shi gefe. Ya ce taimako ya yi niyya. Na gaya masa satar jarrabawa kora ce, kuma ranar da aka alaƙanta zamanmu da irin wannan, ranar aikin ya mutu. Ya ba da haƙuri a gaban kowa. An wuce wurin.

Lahadi, 2 ga Maris

Jiya aka tashi da azumi bayan sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Zafi kuma ya fara sauka, inuwar dogonyaro ba ta da amfani daga ƙarfe sha ɗaya. Mun mayar da zaman gindin dogonyaro bayan sallar asuba, 'yan zaman mata kuma sun zaɓi ƙarfe takwas na safe saboda masu zuwa daga gari da masu aikin buɗa-baki. 'Yan uwanmu Kirista su ma za su shiga nasu azumin ranar Laraba, kuma tun farko ba ma sa zama safiyar Lahadi, yadda ba ma sawa da rana ranar Juma'a. Yarinyar Zuru ta ce zaman asuba ya fi mata, kai a sake yake.

Asabar, 15 ga Maris

Na jarraba su da tambayar mol irin ta farkon Fabrairu, wadda suka warware da kansu har da murna. Rabinsu sun manta. Raina ya ɓaci, na fara tunanin ko duk wahalar banza muke yi.

Ɗan Gumi, wanda mahaddaci ne, shi ya kwantar mini da hankali. Ya ce a tsangaya ba wanda ke mamakin wannan. Hadda in ba a yi mata tilawa ba gudu take yi, shi ya sa kullum akwai sabon karatu, akwai na jiya da shekaranjiya, akwai kuma tsohon da ake zagayowa kansa. Ya ce mu muna ta wanke allo muna rubuta sabo, ba ma waiwaye. Wani Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna wannan tun 1885, ya nuna mantuwa ta fi sauri a kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a tsakanin lokuta tana rage ta. Alarammomi ba su jira shi ba.

Yanzu minti 15 na farkon kowane zama na tilawa ne. Littafi a rufe, kowa ya faɗi abu ɗaya daga makon jiya, abu ɗaya daga wata guda da ya wuce. Ɗan Gumi ke riƙe da wannan ɓangare, ya ma zana jadawalin zagayowar a bayan littafinsa.

Labari mara daɗi: zaman lissafi na ɗan Yawuri ya watse. Nasa karatun ya yi masa yawa, ya rasa zama biyu, 'yan zaman kuma ba su saba haɗuwa ba sai yana nan. Mun raba su cikin sauran biyun, abin da ya sa kowanne ya haura takwas ɗin da muka ƙayyade. Ban ji daɗi ba, amma ba zan ce ya bar karatunsa ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi 30 ga Maris. Ni ban dawo da wuri ba, Inna ba ta ji daɗi ba, na tsaya a Bunza har ta samu sauƙi. Na manta ban ce a ɗage zaman Alhamis ba.

Da na iso jiya, Baba mai gadi ya ce ai yaranka sun zo sun karɓi allo. Sun zauna su tara. Ɗan Gumi ya ja tilawa, sannan suka ɗauki tambayoyin Gusau. Wanda ya riƙe alli a kan daidaita lissafin sinadarai shi ne yaron Danko-Wasagu. Sun maƙale a tambaya guda, suka yi ta juya ta ba ta fita ba, sai suka rubuta ta a takarda, mutum biyu suka kai wa lakcaran kos ɗin a ofis. 'Yan aji ɗaya, suka ƙwanƙwasa ƙofar lakcara da ƙafarsu. Ni sai da na kai aji biyu kafin in iya haka. Ashe tambayar ce ke da kuskuren bugu, shi ya nuna musu.

Na tambayi yaron yadda ya ji da ya tsaya a gaban allo. Ya ce ƙafarsa ta yi rawa, amma da ya ga ba wanda ya yi dariya sai ya ci gaba. An ba shi damar rama tes ɗin da ya rasa, ya kuma rubuta.

Laraba, 16 ga Afrilu

Jadawalin jarrabawa ya fito, saura kwana goma sha biyu. Mun daina sabon karatu, sai tilawa da gwaji a kan lokaci: a ba mutum tambaya, a kifa waya a tsakiyar tabarma tana ƙirga minti. Mun kuma bi da su ƙananan abubuwan da ke kayar da sabon shiga, katin jarrabawa, katin shaida, rubuta lambar rijista daidai a kowace takarda, sanin ɗakin da aka sa ka tun kwana ɗaya kafin ranar.

Sakamako bai fito ba, don haka ba zan ce aikin ya ɗaga makin kowa ba. Abin da na gani da idona shi ne mutum 22 da muka riƙe tun Fabrairu duk suna nan, ba wanda ya tattara ya koma gida.

Damuwar da ke gabana yanzu ita ce zango na biyu. Mu huɗun nan duk za mu tafi horon sanin makamar aiki na SIWES na wata shida, kowa inda aka tura shi. 'Yar Gwandu ta riga ta samu wata 'yar aji biyu da ke zama tare da su tun Maris, ita ta gama nata. Ni da ɗan Jega ba mu samu ba. 'Yan aji biyun da na tuntuɓa mutum uku ne, biyu sun tambayi nawa ake biya, ɗaya ya ce sai ya yi shawara. Malam ya ce zai duba ko sashe zai iya ba jagorori takardar shaida, wadda za ta yi musu amfani gaba.

Ranar Asabar zan zauna da ɗan Gumi da yarinyar Zuru da yaron Danko-Wasagu in ji ko za su iya riƙe zaman a tsakaninsu, ɗan aji biyun nan yana leƙa su sau ɗaya a mako in ya amince. Zan kuma kwafe ƙa'idojinmu da jadawalin tilawa a takarda biyu, ɗaya a ba malam, ɗaya a manna a bayan allo kafin mu mayar da shi wurin Baba.